Kuɗin intanet a Asamaka: a san mai riƙe da makulli kafin a zuba dala

Asamaka ita ce ƙofar Nijar ta arewa, kimanin kilomita 200 daga Arlit. Ta nan kamiyoyi ke shigowa da kaya daga Tamanrasset, ta nan kuma bayin Allah da aka koro daga Aljeriya ke isowa, bayan sun taka kilomita 15 cikin rairayi daga inda ake sauke su. Bayan ruwan sha, abin da baƙo ke fara nema shi ne waya, don ya roƙi dangi su aiko masa da guzuri. Saboda haka zancen aiken kuɗi a wannan yanki zancen rai ne.

A cikin gida, kamfanoni irin su Nita, Al Izza da Amana suna biyan bukata. Wahalar tana ga kuɗin da zai ƙetaro iyaka. Takunkumin da CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar bayan 26 ga Yuli 2023, wanda ba a ɗage ba sai Fabrairu 2024, ya nuna cewa hanyar banki tana iya toshewa dare ɗaya. Shi ya sa ya dace a dubi kuɗin intanet da idon basira.

Bitcoin ya fito a 2009. Kowace hulɗa ana rubuta ta cikin babban kundi wanda dubban kwamfutoci ke riƙe da shi, kuma sabon shafi ba ya buɗewa sai bayan kimanin minti 10. Domin kawar da wannan jinkiri, Joseph Poon da Thaddeus Dryja suka fito da dabarar Lightning a 2015, aka soma aiki da ita a 2018. Misalinta shi ne littafin mai kanti a Arlit ko Akokan: ma'aikacin ma'adinai yana ɗaukar kaya kullum ana rubutawa, sai ƙarshen wata a daidaita lissafi. Bambancin kawai, a Lightning ana ajiye kuɗin tun farko, don haka babu bashi, kuma farkon lissafi da ƙarshensa kaɗai ke shiga babban kundi. Ta haka aike ke isa cikin daƙiƙu, ladan kuma kaɗan ne.

Mai son farawa yana saka asusu a wayarsa, kuma asusun iri biyu ne. Na farko, kamar Wallet of Satoshi, kamfani ne ke riƙe da makulli. Yana da sauƙi, amma in kamfanin ya durƙushe, ajiya ta bi shi, kamar yadda masu ajiya a FTX suka gani a Nuwamba 2022. Na biyu, kamar Phoenix, mai waya ne ke riƙe da makullinsa: kalmomi 12 na Turanci, waɗanda zai rubuta a takarda bi da bi ya ɓoye. In waya ta ɓace, da su ake maido da kuɗin. In takardar ta ɓace tare da wayar, babu ofishin da za a kai kuka. A nan ne amfanin yaƙi da jahilci ke bayyana, domin duk wanda ya ba wani ya rubuta masa kalmomin nan, ya miƙa masa makullin rumbunsa.

Lightning hanya ce ta aike, ba rumbun ajiya ba ce. Darajar bitcoin ta kusa dalar Amurka 69,000 a Nuwamba 2021, shekara guda bayan haka ta faɗo ƙasa da 17,000. Sefa ce kuɗin da doka ta sani a Nijar, ba mai tilasta wa ɗan kasuwa karɓar wani abu dabam. Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya ta halatta bitcoin a matsayin kuɗin ƙasa a 2022, ta janye a 2023. Kuɗin da ya iso waya nan take ba ya sayen buhun gero sai an sami amintaccen mai canji, kuma ba ya motsi in babu rezo ko caji.

Don haka mai hankali zai fara da jika guda, ya aika wa wanda ya sani, ya tabbata an mayar da ita sefa kafin ya ƙara. Wanda ya yi masa alkawarin ninka kuɗi cikin wata ɗaya, ya guje shi, domin haka CBEX ta cinye dukiyar jama'a a Najeriya a Afrilu 2025. Hukumomi kuwa, wajibi ne su bayyana matsayin doka a fili cikin harsunan ƙasa, su inganta rezo da wutar lantarki tsakanin Arlit da Asamaka, su kuma shigar da wannan darasi cikin azuzuwan manya. Rigakafi ya fi magani, kuma talakan da ke bakin iyaka shi ne zai fi kowa jin ciwon asara.