Wasiƙa Zuwa ga Masu Rubuta Littattafan Halittun Tsibirai

Malamai,

Ni mai karanta littattafanku ne, kuma ina cikin ɗimbin mutanen da ba za su taɓa taka tsibiran da kuke rubutu a kansu ba. Da idonku muke ganinsu. Wanda ya yi rubutu a kan Kano, in ya kauce, mutum dubu za su tashi su gyara masa. Wanda ya yi a kan tsibiran Sokotra ko Cagos kuwa, abin da ya faɗa shi ne zai zauna a kan masu karatu. Shi ya sa nake da roƙo a gare ku: ku daina nuna mana tsibiri tamkar babu ɗan Adam a cikinsa.

Mun saba da salon. Jirgi ya isa gaɓa, ga farin yashi, ga tsuntsayen da ba su san tsoro ba, ga marubuci shi kaɗai da littafin aljihunsa. To wa ya tuƙa kwalekwalen? Wa ya san bishiyar da tsuntsun ke kwana?

Ku duba babban magabacinku, Alfred Russel Wallace. Daga 1854 zuwa 1862 ya yi ta yawo a tsibiran da yau suke cikin Indonesiya da Maleshiya, ya tara samfurin halittu sama da 125,000, sannan ya fitar da The Malay Archipelago a 1869. Kusan duk tsawon tafiyar yana tare da wani saurayi mai suna Ali, wanda ya ɗauka a Sarawak yana yi masa girki da hidima. Ali ya koyi harbi, ya koyi feɗe tsuntsu ba tare da ya ɓata gashinsa ba, har ya zama jagoran yaran Wallace. A 1858, a tsibirin Bacan, shi ne ya shigo da wani tsuntsu mai koren ƙirji mai ƙyalli, da fararen gasu dogaye guda biyu a kowace kafaɗa, irin wanda masanan Turai ba su taɓa gani ba. Da aka zo raɗa wa tsuntsun suna, sunan Wallace aka ba shi. A yi wa Wallace adalci: ya faɗi wanda ya kawo tsuntsun, kuma ya sa hoton Ali a tarihin rayuwarsa da ya fito a 1905. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, bayan fiye da shekara 150, da yawa daga cikinku ba ku kai shi ba. Mai jagora yakan ƙare a shafin godiya, cikin jimla ɗaya tare da mai gyaran rubutu. Ku nemi izininsa ku sa sunansa a inda ya yi aikin, a shafin da aka ga tsuntsun, ku kuma rubuta abin da ya ce game da shi.

Wannan ba zancen kara ba ne kawai. Littafin da ya cire mutane yakan kasa bayyana halittun ma. Sokotra, da ke ƙarƙashin Yaman, tana da nau'in tsirrai 825, kuma kashi 37 cikin ɗari ba a samunsu a ko'ina a duniya sai can. Mafi shahara ita ce bishiyar nan mai jan ƙaro, wadda rassanta ke cunkushewa a sama su yi rumfa, suna tare danshin hazon da ke hawowa daga teku, ruwan ya riƙa ɗiga a gindinta. Kowane littafi yana da hotonta. Amma ku ƙura wa hotunan ido: tsofaffi ne zalla, babu ƙanana a ƙarƙashinsu. Awaki ne ke cinye tsiron, sai wanda ya fito a jikin dutsen da akuya ba ta iya hawa. Sannan a Nuwamban 2015 guguwa biyu, Chapala da Megh, suka biyo juna cikin kwanaki kaɗan suka tumɓuke manya da yawa. Marubuci mai gaggawa zai ɗora laifin a kan makiyayi ya wuce. Wanda ya zauna da makiyayan zai ji cewa ƙarni da ƙarni suna kiwo a wurin da ƙa'idojinsu na inda za a kai dabba da lokacin da za a janye ta, zai kuma ga cewa su ne yau suke kewaye ƙananan bishiyoyi da shinge suna renonsu. Anthony Miller da Miranda Morris sun nuna hanya a littafinsu na 2004, Ethnoflora of the Soqotra Archipelago, inda kowane tsiro ya zo da sunansa na harshen Sokotra da amfanin da mutanen ke yi da shi.

Labarin Cagos ya fi nauyi, kuma a nan ne nake jin zafi sosai. Ana yaba murjanin tsibiran da cewa yana cikin mafi lafiya a Tekun Indiya, kuma a 2010 Birtaniya ta ayyana ruwan yankin a matsayin keɓaɓɓen wurin kare halittu. Gaskiya ne wurin yana da kyau. Sai dai tsibiran ba haka Allah ya bar su babu kowa ba. Tsakanin 1968 da 1973 Birtaniya ta kwashe mutanensu kakaf, jikokin bayi da leburorin gonakin kwakwa, ta jibge su a Morishiyas da Seshel, don Amurka ta kafa sansanin soja a ɗaya daga cikinsu, Diyego Garsiya. A 2019 Kotun Duniya ta ba da ra'ayin cewa ya kamata Birtaniya ta janye daga can. Duk wanda ya rubuta shafi ɗari a kan kifin Cagos, ya kira wurin inda hannun mutum bai taɓa ba, ya taya ɓoye zalunci, ko ya sani ko bai sani ba. Kuma ya yi kuskure a iliminsa ma, don ɓerayen da jiragen ruwa suka kawo suna nan a wasu tsibiran. Binciken da aka wallafa a 2018 ya nuna cewa inda babu ɓera tsuntsayen teku sun fi yawa nesa ba kusa ba, kashinsu yana gangarawa ya ciyar da murjani, kifin wurin ma ya fi saurin girma.

Haka nan idan halitta ta ƙare, kada ku ce mana ta ɓace ku yi shiru. Ku bi sawu. A Tsibirin Kirsimeti na Ostiraliya, Charles Andrews ya tarar a 1897 wani ɓeran daji na tsibirin ya yi yawan da in dare ya yi ko'ina sai motsinsa. Da ya koma a 1908 bai ga ko ɗaya ba. A tsakani an buɗe haƙar ma'adinin fosfat, jirage suka riƙa zuwa, baƙin ɓeraye suka sauka da ƙuma a jikinsu. Sai a 2008 aka gwada fatun da ke ajiye a gidajen adana kayan tarihi, aka gano alamar wata ƙwayar cuta, dangin wadda ke kawo wa shanu sammore. Irin labarin da nake so ke nan: ga jirgin, ga ɓeran, ga cutar, ga kuma abin da ya kawo jirgin.

Ban ce ku rage ƙawata abin mamaki ba. A wannan tsibirin dai, da ruwan farko ya sauka wajen Oktoba ko Nuwamba, miliyoyin jajayen ƙaguwa suna barin daji su nufi teku. Mata suna jira sai wata ya shiga rubu'insa na ƙarshe, kafin ketowar alfijir, lokacin da ruwa ya cika ya soma janyewa, su tsaya a bakinsa su kakkaɓe ƙwai, kowace har kusan 100,000. Ku rubuta wannan da duk gwanintar da Allah ya ba ku. Amma ku haɗa da ma'aikatan da ke rufe tituna, da gadojin da aka gina wa ƙaguwar, da mazauna garin, waɗanda da yawansu jikokin leburorin Sin da Malay ne da aka kawo haƙar fosfat, suna tafe gaban mota suna share ƙaguwa daga hanya.

Idan littafin ya fito, ku aika da kwafi tsibirin. Ku kai wa makarantu, ku kai wa wanda ya yi muku jagora. In da hali a fassara ko da babi ɗaya ne zuwa harshen da suke karantawa, ku saurari gyaransu kafin bugu na biyu.

Wassalam,
Ɗaya daga cikin masu karanta ku.