Da Ruwan Ciki Ake Jan Na Rijiya

'Yan uwa malamai, wani sabon salo ya kama bakin masu shirya bita: a koya wa ɗalibai lumshe ido, da jan numfashi a hankali, da tattara tunani wuri ɗaya, wai sai damuwa ta gushe, karatu ya zauna. Ba ma gaba da natsuwa. Duk wanda ya taɓa riƙe alli ya san amfanin shirun minti biyu bayan an dawo daga tara. Abin da muka ƙi shi ne a mayar da ita maganin kowace cuta don kawai ba ta cin kuɗi.

Jon Kabat-Zinn ne ya tsara wannan horo a 1979, a cibiyar lafiya ta Jami'ar Massachusetts da ke Amurka, domin majinyata masu fama da ciwo mai naci. Da aka kai shi aji kuwa, an auna shi. A 2022 binciken MYRIAD, wanda Jami'ar Oxford ta jagoranta a makarantu 84 na Birtaniya, da ɗalibai fiye da 8,000, ya nuna cewa horon bai fi darasin da aka saba yi inganta lafiyar tunanin yara ba. Malaman da suka karɓi horon su ne gajiyarsu ta ragu, ita ma na ɗan lokaci.

Idan haka ta kasance inda kowane yaro ke da kujera, ina ga namu? Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga ɗalibi 35 a firamare, 40 a babbar sakandare. Daga Dutse zuwa Kiyawa, daga Jahun zuwa Birnin Kudu, akwai cikinmu masu fuskantar ninkin haka kowace safiya. Yarinyar da ta fito ba ta karya kumallo ba, ta zauna a ƙasa, ƙarƙashin kwano, cikin zafin Afrilu, ga tunanin tallan da ke jiranta da yamma, wane numfashi ne zai kwantar mata da hankali? Damuwarta tana da suna: yunwa, cunkoso, da fargabar WAEC da NECO.

Saboda haka muna kira ga masu riƙe da akalar ilimi a Jigawa: a ɗauki ƙarin malamai har aji ya sauko zuwa adadin da manufa ta tanada. A samar da ƙwararren mai ba da shawara a kowace sakandare. A gyara rufi, a kawo kujeru da ruwan sha, a ciyar da ƙananan yara. Kada kuma a ɗora mana sabon darasi ba tare da horo da lokaci a jadawali ba.

Mu za mu ci gaba da natsar da yaranmu, kamar yadda muka saba tun kafin a shirya bita a kai. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse, amma ko shi sai an ba shi itace.