Mazan Yamai, a auna jini kafin a sha magani

Ya ku magidantan Yamai, daga Bukoki zuwa Yantala, daga Talaje zuwa Harobanda, akwai ciwon da muke ta sayen maganinsa alhali ba mu taɓa kai shi gaban likita ba. Ku duba tiren masu tallar magani a tashar Wadata ko a lungunan Katako. A gefen maganin ciwon kai za ku ga ƙananan kwalaye masu hoton doki ko zaki, da zuma a ƴar leda, da ƙullin gari wai na baƙin gagai. Ba a tallarsu da ƙarfi, ba a kuma tayawa. Mutum ya miƙa kuɗi, ya cusa a aljihu, ya yi gaba yana waige. Wannan ciniki ba zai ci gaba da tafiya haka ba sai don mazaje da yawa suna cikin damuwa, kuma kunya ta ɗaure musu baki.

In ƙarfin namiji ya ragu, sunayen da muke ba abin ba su da yawa: basir ne, sanyi ne, zaƙi ne ya yi yawa, ko kuma an yi masa asiri. Yanzu wayar hannu ta ƙaro mana wani, wai testosteron ne ya ƙare. To, testosteron gaskiya ne. Sinadari ne da maraina ke haɗawa bisa umarnin wani ɗan ƙullutu da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa. Shi ke buɗe muryar yaro in ya balaga, ya fito masa da gemu, ya gina tsoka da ƙashi, ya kuma kunna sha'awa. Daga wajen shekara 40 yakan riƙa raguwa a hankali, kamar kashi 1 cikin 100 a shekara. In ya yi ƙasa sosai, sha'awa ce ke fara tafiya, miƙewar gaba da asuba ta ɗauke, kasala ta sauka, tumbi ya fito, rai ya yi ta ɓaci ba dalili.

Amma ku ji wannan da kyau. A wani babban bincike da aka wallafa a 2010, an duba maza fiye da 3,000 masu shekara 40 zuwa 79 a ƙasashen Turai takwas. Waɗanda aka samu da ƙarancin sinadarin tare da alamominsa na gaske kimanin kashi 2 cikin 100 ne kacal. Masu kukan raunin gaba kuwa sun ninka haka sau da yawa. Ke nan mafi yawan masu raunin, ba a sinadarin matsalarsu take ba. A jijiyoyin jini take. Gaba ba ta miƙewa sai jini ya cika ta, kuma jijiyoyin da ke kai mata jinin sirara ne, milimita 1 zuwa 2, alhali na zuciya sun kai 3 zuwa 4. In kitse da hawan jini da ciwon suga da hayaƙin taba suka fara toshe hanyoyin jini, ƙaramar hanya ce ke fara cushewa. Shi ya sa likitocin zuciya ke ɗaukar raunin gaba a matsayin ɗan aike: yakan riga ciwon zuciya zuwa da shekara 3 zuwa 5. Cikin maza masu ciwon suga, kusan rabi suna fama da shi. Mutum nawa ne a fadarku ke shan shayi kofi uku mai kaurin sukari, safe da yamma, bai taɓa auna sugansa ba? Wanda ya haɗiyi ƙwaya ya samu biyan buƙatar dare ɗaya, ya kori ɗan aiken ne bai saurari saƙon ba.

Ita ƙwayar ma, kun san abin da ke cikinta? A 2021 hukumomin Faransa sun gargaɗi jama'a kan zumar ƙarfin maza da ake cewa ta gargajiya ce zalla, bayan awo ya nuna an zuba mata sildenafil da tadalafil, wato sinadaran Viagra da Cialis. Hukumar magunguna ta Amurka ta yi irin wannan gargaɗi a 2022. In haka ta faru inda ake da ɗakunan awo a ko'ina, me kuke zato game da ledar da ta kwana a rana a bakin tasha? Sildenafil magani ne mai amfani in likita ya rubuta shi. Amma in ya haɗu da wasu magungunan ciwon zuciya, jini na iya faɗuwa warwas, mutum ya tafi ke nan. Kuma duk wanda gabansa ya miƙe ya ƙi kwanciya har awa 4, ya nufi asibiti a daren, kada ya jira gari ya waye, don naman wurin na iya mutuwa. Masu sikila su fi kowa kiyaye wannan.

Samari, ku ma da ku nake, musamman masu kabu-kabu da masu aikin ƙarfi. Tramol da ake sha don a jure gajiya ko a daɗe a shimfiɗa yana cikin dangin magungunan da ke danne testosteron. Ana shan sa don a ƙara mazakuta, shi kuwa yana cin ta ta ƙarƙashi. Masu yi wa kansu allurar testosteron don tsoka ko don ƙarfi, nasu ya fi ban tausayi. Da zarar ƙwaƙwalwa ta ga sinadarin ya cika jini daga waje, sai ta janye umarninta, maraina su daina aiki, su ƙanƙance, ƙwayoyin maniyyi su ƙare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa gwada wannan allura a matsayin maganin hana haihuwa na maza, an kuma wallafa sakamakon a 1990. Ku duba fa: ango yana neman haihuwa, yana yi wa kansa allurar hana ta, dangi kuma suna harar amarya. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Abin yi ba shi da wuya. A je asibiti. Muna da Babban Asibitin Ƙasa, muna da asibitin Amiru Bubakar Diallo a Lamorde, muna da babban asibitin Référence, kuma akwai likitocin mafitsara da al'aurar maza a garin nan. A auna hawan jini, a auna suga. In likita ya ga alamun ƙarancin testosteron, za a ɗibi jini da sassafe, lokacin da sinadarin ya fi yawa, kuma awo ɗaya ba ya isa, sai an maimaita a wata rana. A faɗa wa likita duk abin da ake sha, har na tire, har na mai ganye. Wani lokaci maganin hawan jinin da kake sha ne sanadi, a canja maka shi. Wani lokaci tumbi ne, don kitsen ciki yana juya sinadarin namiji ya koma na mace, kuma rage ƙiba da tafiyar ƙasa da isasshen barci suna ɗaga shi ba tare da allura ba. Wani lokaci kuma bashi ne da tunanin cefane. Wanda aka tabbatar yana da ƙarancin, akwai magani, a hannun likita, ana bibiyar jininsa.

Malamanmu, Allah Ya ƙara muku lafiya, ku sa baki. Fiƙihun Malikiyya da muke karantawa a zaure ya ba mai wannan lalura shekara guda kafin a yi maganar raba aure, kuma malaman da suka rubuta haka ba su ji nauyin ambatonsa ba. Ku faɗe shi a wa'azi, ku ce a nemi magani inda masaninsa yake. A jihar Damagaram an kafa makarantun mazaje, inda magidanta ke zama suna tattauna lafiyar matansu da haihuwa. Fadodinmu na Yamai za su iya yin haka a kan lafiyar mazajen kansu. Uwayen gida, ku ma kada ku ce maigida ya daina son ku ne ko wata ta shiga tsakani. Ku tambaye shi yaushe rabon da a auna shi, in ya yi nauyin ƙafa ku raka shi.

Duk namijin da ya haura 40, ko wanda ya ga canji a jikinsa ko da bai kai ba, ya ware safiya ɗaya a cikin wannan wata. Ya tafi bai karya kumallo ba, don awon suga da na testosteron duka sun fi son haka, ya riƙe kwalayen magungunan da yake sha a hannu.