Kufan Hattusa Da Hukuncin Tonon Garuruwan Mutanen Da

Wani ɗan'uwa ya aiko mana da tambaya, yana so ya san ko ya halatta Musulmi ya sa hannu cikin tonon kufan mutanen da, alhali galibin abin da ake tonowa gumaka ne da ɗakunan bauta musu. To, maimakon mu amsa a dunƙule, bari mu ɗauki gari guda mu duba shi.

A tsakiyar ƙasar Turkiyya, kimanin kilomita 150 gabas da Ankara, kusa da garin Bogazkale, akwai kufan Hattusa, babban birnin Hitiyawa. Waɗannan mutane sun goga kafaɗa da Fir'aunonin Masar, sa'an nan suka shuɗe har aka manta da birninsu wajen shekara 3,000. A 1834 wani Bafaranshe, Charles Texier, ya ga ragowar ganuwar, amma bai gane ko wane gari ne ba. A 1906 Hugo Winckler, Bajamushe, da Theodor Makridi na gidan tarihin Istanbul suka fara tono, suka tarar da dubban allunan yumɓu cike da rubutu. Harshen Hitiyawan kuwa ya gagari kowa, sai a 1915 Bedrich Hrozny, mutumin ƙasar Cek, ya warware shi. Allunan da gutsattsarinsu da aka samu sun kai wajen 30,000.

Cikinsu akwai yarjejeniyar sulhu tsakanin Sarki Hattusili na uku da Fir'auna Ramsis na biyu, wadda aka ƙulla wajen shekara ta 1259 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), bayan yaƙin Kadesh a ƙasar Sham. An kafa kwafinta a hedkwatar Majalisar Ɗinkin Duniya. A nan muna jan kunnen masu gaggawar cewa wannan Ramsis shi ne Fir'aunan Annabi Musa (A.S.). Alƙur'ani bai ambaci sunansa ba, saboda haka mu ma ba mu yanke ba.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne addininsu. Da bakinsu suke kiran ababan bautarsu alloli dubu na ƙasar Hatti, domin in sun ci gari da yaƙi sukan ɗauko gunkinsa su ƙara cikin nasu. Da annoba ta faɗa musu ta yi shekara 20 tana kisa, Sarki Mursili na biyu ya sa aka rubuta roƙe-roƙensa. Mai karanta fassararsu zai ga mutum cikin ruɗu, yana ta duba don ya gano wanne ne cikin dubun nan ya yi fushi, har ya kai ga ɗora laifin a kan mahaifinsa da ya karya alkawari. Wallahi ba mu san wani sharhi da ya fi wannan nuna wahalar bawan da iyayengiji da yawa suka yi tarayya a kansa ba, watau misalin nan da ke cikin Suratuz Zumar, aya ta 29.

Ga kuma ƙarfi. Ganuwarsu ta fi kilomita 6, da zakokin dutse a bakin ƙofa. An tono manyan rumbunan ƙarƙashin ƙasa, har da ƙonannen hatsi a ciki. Duk da haka yunwa ta matsa musu, har Fir'auna Merneptah ya rubuta cewa ya aika musu da hatsi. Wajen 1200 kafin haihuwar Annabi Isa birnin ya mutu. Masu tono sun lura an kwashe kayan fada da na ɗakunan bauta kafin wuta ta ci su, alamar masu gari da ƙafarsu suka fita. Wani bincike da aka buga a 2023, wanda ya auna zoben cikin tsofaffin itatuwa, ya nuna an yi fari mai tsanani shekara 3 a jere a daidai lokacin.

Yanzu ga amsa. Suratur Rum, aya ta 9, ta zargi waɗanda ba su tafiya cikin ƙasa su duba ƙarshen mutanen da suka fi su ƙarfi da noma da gine-gine. A ganinmu, tono don neman ilmi reshe ne na wannan dubawa, domin abin da ƙasa ta rufe ba ya ganuwa sai an tone. Fiƙihu ma ya san binnanniyar dukiyar jahiliyya, watau rikazi, ya ɗora mata humusi. Sai dai akwai ladabi. Lokacin da Annabi (S.A.W.) ya biyo ta Hijir, mazaunin Samudawa, a hanyar Tabuka, ya hana sahabbai shiga sai suna kuka, kamar yadda Buhari da Muslim suka ruwaito. Samudawa dai nassi ya tabbatar da azabarsu. Hitiyawa kuwa babu nassi a kansu, don haka ba mu cewa azaba ce ta kore su, amma mai shiga kufansu ya shiga da tsoron Allah. Wanda ya ɗauko gunki ya girke a ɗakinsa don ado ko neman tubarraki, wannan ya fita daga abin da muka halatta, haka nan ɓarawon da ke tono da dare ya sayar.

Tambayar hukuncin tone kaburburan da ake tararwa a irin waɗannan wurare kuwa, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.