Ƙabila Ba Ta Kashe Ɗa a Ciki

Da zarar an tayar da zancen jariran da ke zuwa babu rai a arewacin Benin, sai wani mai kwat a Kwatano ya taɓe baki: ai mutanen Alibori ne, Fulani da Dendawa da Hausawa, kunya ta hana su zuwa asibiti. Wannan rainin hankali ya ishe ni.

A Amurka ma baƙar mace ta ninka fara wajen rasa ɗa a ciki, kuma an daɗe ana laluben laifin a jininta maimakon a dubi yadda ake karɓarta a asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce jarirai kusan miliyan 2 ake haifa babu rai kowace shekara, fiye da kashi 40 cikin 100 a tsakiyar naƙuda suke cikawa. Wato da ransu aka fara! Doguwar naƙuda, hawan jini, zazzaɓin cizon sauro, ƙarancin jini: wanne ne a cikinsu yake tambayar mace ƙabilarta?

Ku je wata ruga a bayan Karimama da damina, lokacin da kogin Kwara ya cinye hanya. A kan babur za a goyo mai naƙuda zuwa Malanville. In abin ya fi ƙarfin nan, sai Kandi, ko Parakou mai nisan fiye da kilomita 300. Gwamnati na tinƙaho da cewa tun 2009 tiyatar haihuwa kyauta ce. Madalla. To wa zai biya mai babur? Tun da aka rufe gadar Gaya da ke kan iyaka bayan juyin mulkin Nijar na 2023, kasuwar Malanville ta yi sanyi, aljihun magidanta ya bushe.

In ma mace ta iso asibiti, takarda Faransanci, tambaya Faransanci, ga tsawa. Matar da aka kunyata a awon farko, don Allah me zai mai da ita na biyu? Sai a rubuta wai "al'ada".

Mu ma da namu. Namijin da matarsa za ta kwana biyu a durƙushe don ba ya nan ya ba da izini, ya sani alhaki na wuyansa, ya daina fakewa da ƙaddara.

Amma ba miji ne zai shimfiɗa kwalta ba. Ma'aikatar lafiya ta ɗauki ungozomomi masu jin Fulatanci da Dendanci da Hausa, ta ajiye jini da motar ɗaukar marasa lafiya a Karimama, sannan ta fito da lissafin jariran nan gari-gari, mu ga wanda zai iya kallonsa ya sake cewa kunya.