Gyaran mota da hannun mai ita: a karanta lamba kafin a yi ciniki

Garin Gaya ya daɗe da sanin mota. Tun da aka gina gadar da ta haɗa shi da Malanbil a shekarar 1958, ta nan kayan tashar jiragen ruwa ta Kwatano suka riƙa shigowa Nijar, har da tsofaffin motocin Turai da kayan gyaransu. Ga kuma Kamba kusa, a ɓangaren Najeriya. Da aka rufe gadar a shekarar 2023 kaya suka yi tsada, saboda haka ba abin mamaki ba ne a ga mai mota, ko da ma'aikacin gwamnati ne, ya naɗe hannun riga ya ɗauki sufana da kansa.

Babu laifi a cikin wannan. Canza batir, ko matacin iska, ko buji, wanda direban Kamba ke kira fulogi, bai fi ƙarfin mai hankali ba. Wayar batir mai alamar ragi ita ake fara cirewa, ita ake mayarwa daga ƙarshe. Buji sai injin ya huce, kuma da yatsu ake fara murza sabo kafin a sa ƙarfe, don kada a cinye haƙoran ramin.

Amma asarar da ta fi yawa a wurin saye take. Mutum ya riƙe tsohon ƙarfe ya shiga kasuwa, ya ga mai kama da shi, ya biya. Kama da wane ba ta wane ba ce. Tun shekarar 1981 masu ƙera motoci suka daidaita lambar jikin mota a kan haruffa da alƙaluma 17, tana kuma rubuce a takardar motar. Yawancin kayan gyara su ma suna ɗauke da tasu lambar. Wanda ya yi yaƙi da jahilci yana iya kwafe su a takarda, ya gwada harafi da harafi a gaban mai shago. Ya kuma rubuta abin da ya fara kwancewa da abin da ya biyo baya, ya jera notina a kan tsumma, ba cikin rairayi ba. Wannan darasi ne da ya cancanci shiga azuzuwan manya, domin mai koyo yana ganin amfaninsa a aljihunsa ranar nan.

Birki kuwa maganarsa daban ce. Fatar birki ba a canza ta gefe guda, sai dama da hagu tare. Idan iska ta shiga bututun mai, feda sai ta yi laushi, fitar da iskar kuma yawanci aikin mutum biyu ne. Motar da za ta ɗauki fasinja zuwa Doso, wajen kilomita 150, ba wurin koyon wannan ba ce. Mai ita ya sayi fatar da lambarta ta dace, ya kai wa bakanike, ya tsaya a kansa har a gama.