Kano zuwa Abuja: Awa guda a sama, rabin yini a ƙasa

A wannan wata za mu taɓo maganar tafiya, domin yanzu da wuya ki sami gida a Rano, Kibiya ko nan Tarai da ba shi da 'ya ko ƙanwa da aure ya kai ta Abuja. In haihuwa ta zo ko rashin lafiya, sai a ce wa uwa, "Ki biyo jirgi kawai, awa guda ce."

Gaskiya ne, daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano zuwa na Nnamdi Azikiwe kimanin kilomita 360 ne ta sama, jirgi kan ci su cikin awa ɗaya ko ƙasa da haka. Ta mota kuwa, ta Zariya da Kaduna, sun haura 400. Amma ke da kike Tarai, ba daga ƙofar jirgi lissafinki zai fara ba. Sai kin bi ta Rano da Bunkure kin hau titin Zariya, kin ratsa cunkoson birni. Ki ware awa biyu. Ana so ki isa aƙalla awa ɗaya da rabi kafin tashi. Can kuma filin Abuja yana wajen gari ne, kusan kilomita 40. Ki haɗa da jiran kaya, ga awa shida nan, in ba a sami jinkiri ba. Lokacin hunturu kuwa hazo kan hana jirage sauka a Kano, a yini ana zaune. Saboda haka kada ki bari a sa ranar ganin likita ta zo daidai da ranar tafiya.

Abin da ya fi damuna shi ne sallah. Mata da yawa sukan ce, "Ai ban gaji ba, ina ni ina ƙasaru?" Ba gajiya ake dubawa ba, 'yar uwa, nisa ake dubawa. A mazhabar Malikiyya mil 48 ne, wato kimanin kilomita 80, ko a raƙumi ko a jirgi. Tunda niyyarki Abuja ce, da zarar kin bar gidajen garinku azahar, la'asar da isha'i sun koma raka'a bibbiyu. Magariba da asuba suna nan yadda suke. In kin bi limami mazauni a masallacin filin jirgi, sai ki cika huɗu tare da shi. Haka nan in kin yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a gidan 'yarki, ƙasaru ta ƙare da isarki. Mai zuwa zaman jego dai ta san ba ta cikin matafiya.

In lokaci ya shiga kina ɗakin jira, ki tashi ki yi sallarki kafin a kira fasinja. Kujerar jirgi matsattsa ce, tsayuwa da fuskantar alƙibla ba su samuwa cikin sauƙi.

Mai goyo ta ba jariri nono lokacin tashi da sauka, haɗiya na rage masa ciwon kunne. Mai tsohon ciki ta tambayi kamfanin tun kafin maigida ya biya kuɗi, domin yawancinsu sai da takardar likita. Sunan da ke kan tikiti kuma ya zama daidai da na katin shaidarki, ba sunan da ake kiran ki da shi a gida ba.

Sai wata mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalam.